Wane Ne Kai a Konoha? Nazarin Taurarin Naruto Daga Ruwan Godiya

Duk wanda ya taɓa kwana a hostal ɗin maza ya san gardamar. Da an ɗauke wuta, an fito da tabarmi waje ana shan iska, sai wani ya tayar da ita: tsakanin Itachi da Madara wa ya fi ƙarfi? Minato zai iya da Pain kuwa? Akwai daren da aka kai ƙarfe biyu ana wannan musun, har wani ɗan sashen injiniya ya rantse ba zai ƙara yi wa abokin ɗakinsa magana ba, alhali da safe su biyun suna da gwaji. Ni ma ina cikin masu musun, ba zan ɓoye ba. Amma da editan mujallar nan ya ce in rubuta wani abu a kan anime a shafin nazari, sai na ce masa ba zan auna ƙarfin kowa ba. Zan yi abin da malamin Hausa ya koya mana a sakandare da littafin Shaihu Umar, wato nazarin taurari. Ka ɗauki mutumin da ke cikin labari, ka duba me ya same shi, me ya yi da abin da ya same shin, sannan wa ke tsaye kusa da shi a lokacin. Wannan ta ƙarshen ita ake yawan tsallakewa, a kanta kuma zan fi daɗewa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ko mai ganin katun abin yara ne, ga bayani a taƙaice. Naruto labari ne na zane da wani mutumin Japan, Masashi Kishimoto, ya fara fitarwa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, bai kammala ba sai 2014, babi 700 cikin littattafai 72. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi shirin talabijin: zubin farko kashi 220 daga 2002 zuwa 2007, sai Naruto Shippuden kashi 500 daga 2007 zuwa 2017. Duniyar labarin ƙasashe ne masu gaba da juna, kowace da garin mayaƙanta da ake kira ninja. Garin su Naruto shi ne Konoha, shugaban garin kuma ana ce masa Hokage. Akwai siddabaru da dodanni da abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, kamar dai yadda Gizo ke magana a tatsuniya ba wanda ya taɓa cewa a kawo hujja. In ka kawar da dodannin gefe, abin da ya rage labarin marayu ne da yaƙi ya bari, da abin da kowannensu ya zama.

Mu fara da biyun da marubucin ya ajiye kamar tagwaye. Daren da aka haifi Naruto wata dabba mai wutsiya tara ta afka wa Konoha, ta hallaka mutane da yawa. Mahaifinsa, Hokage na huɗu, ya kulle dabbar a cikin jikin jaririn, shi da matarsa suka mutu a daren. Yaro ya tashi ba uwa ba uba, bai san laifinsa ba, amma duk inda ya ratsa sai iyaye su janye 'ya'yansu. Gaara ma haka yake. A garin Suna, can cikin hamada, an kulle masa tasa dabbar tun yana ciki, uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa, mutane suna gudunsa kamar annoba. Rashi iri ɗaya, ƙyama iri ɗaya. Amma ɗaya ya tashi yana ihun sai ya shugabanci garin da ya ƙi shi, ɗayan kuma ya tashi yana kisa don ya tabbatar wa kansa cewa yana raye.

Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta cewa Naruto mai zuciyar kirki ne, Gaara kuma mugu, ya miƙa takarda. Wannan amsa maki biyu ce cikin goma. Koma kashi na 1 ka dubi Iruka, malamin ajinsu. Iyayen Iruka suna cikin waɗanda dabbar nan ta kashe. In akwai mai hujjar ƙin yaron a duk garin, shi ne. Amma shi ke kai shi shagon taliya ya saya masa, shi ne kuma ya sa bayansa ya tare makamin da aka jefo wa Naruto, a daren da wani malamin, Mizuki, ya tona wa yaron asirin abin da ke cikinsa. Gaara fa? Mutum ɗaya ne yake ganin yana ƙaunarsa, kawunsa Yashamaru, ƙanen mahaifiyarsa. Yana ɗan shekara 6 aka turo wannan kawun ya kashe shi, kuma uban da ya haifi Gaara ne ya ba da umarnin. To a nan hanya ta rabu. Da an ba Gaara Iruka, aka ba Naruto Yashamaru, da sunan shirin ma ya canza.

Ni ba don nazari na fara kallon wannan shiri ba. Ni ɗan Ruwan Godiya ne, a ƙaramar hukumar Faskari. Waɗanda suka fito daga Ƙanƙara ko Sabuwa ba sai na yi masu dogon bayani ba. Ga sauran kuwa: a watan Yunin 2020 aka kai harin Kadisau, cikin ƙaramar hukumarmu, aka kashe mutane da dama a yini ɗaya. Ranar 11 ga Disamba ta wannan shekarar aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sama da 300, labarin da duniya duka ta ji. Wanda duniya ba ta ji ba shi ne na kullum: a tare mutum a gona, a kore shanun huɗa, a ɗauki mace a hanyar itace, gari ya kwana yana haɗa kuɗin fansa da masarar da ba a ma girbe ba.

A daminar 2021 aka harbe Kawu, yayan Inna, a gonarsa yana maimai. Bayan sadakar bakwai muka tattara muka koma Funtuwa gidan gwaggona. Ba mu daɗe da sauka ba gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, sannan a watan Satumba aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ita Funtuwar kanta. In kana son jin muryar wani ɗan'uwa sai ka hau mota ka nufi wajen Zariya. Ba makaranta, ba gona, ba sabis. Abin da ke akwai shi ne wata memori da ɗan gwaggona ya cika da Naruto a wurin masu tura finafinai, da wayarsa mai tsagaggen gilashi. Kai uku a kan waya ɗaya: ni, da shi, da ɗan Kawu, taubashina. Fassarar Turanci ce a ƙasan allo, tana gudu, sai mun riƙa tsayarwa muna karantawa. Rabin Turancin da na shigo da shi makarantar nan can na samo shi, malaman Turanci su yi haƙuri.

Taubashin nan nawa ya girme ni da shekara uku. Kafin abin ya faru, ba a zama da shi ba a yi dariya ba. Ni kuwa da yake abokin wasansa ne, ba ni da sakat a hannunsa. Shi ya ɗauko gawar mahaifinsa daga gona a amalanke. Tun daga ranar ya yi shiru. Sai ya wuni bai ce uffan ba. Amma na lura duk sanda Sasuke ya fito a allo sai ya matso.

Sasuke ɗan dangin Uchiha ne. Yana ƙaramin yaro ya dawo daga makaranta ya tarar an karkashe danginsa kaf, da uwarsa da ubansa, kuma yayansa Itachi ne ya aikata. Daga ranar ba shi da wani buri sai kashe Itachi. Ya bar gari, ya bar abokai, ya kai kansa wurin Orochimaru, mutumin da ya san jikinsa yake so ya karɓe, don dai ya samu ƙarfi. Abin lura ga mai nazari shi ne abin da ya biyo bayan mutuwar Itachi. An gaya wa Sasuke cewa manyan Konoha, musamman Danzo, su suka sa Itachi, saboda dangin Uchiha na shirin juyin mulki. Sai ƙiyayyar ba ta mutu da Itachi ba, ta tashi ta koma kan Danzo. Ya kashe Danzo, ta koma kan garin gaba ɗaya, har da waɗanda ba su san an yi ba. Mu kan ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, muna faɗa da alfahari. Kishimoto ya ɗauki ɗaruruwan babi yana nuna wa ke jin zafin, kuma sunan wanda ake nema yana ta canzawa a hannun mai neman.

Wata rana da dare taubashina ya ce mani zai koma gida ya shiga 'yan sa-kai. Har ya fara tara kuɗin bindiga ƙirar gida. A nan sai na yi hattara da alƙalamina. Akwai garuruwan da ba don 'yan sa-kai ba da yanzu kufai ne. Mutane ne da suka tsaya a bakin gari da harba-ka-ruga a daren da ba wanda ya zo. Ba zan zauna a hostal in zage su ba. Amma na san taubashina, na kuma ji yadda ya faɗi maganar. Ba gadin gari yake nufi ba. Ba wanda ya ga fuskar waɗanda suka harbi Kawu, don haka duk wanda ya yi kama da su ya isa.

A shirin, malaminsu Kakashi ya taɓa ɗaure Sasuke a jikin bishiya ya yi masa nasiha ya bar zancen ramuwa. Kuma Kakashi ba ɗan gata ba ne da zai yi maganar daga sama: ubansa ya kashe kansa bayan gari ya yi masa tofin Allah tsine, abokansa biyu sun mutu a gabansa, malaminsa ya mutu. Nasihar ta yi kyau ƙwarai. A daren nan kuma mutanen Orochimaru suka zo wa Sasuke, ba da jimawa ba ya fice daga garin. Na daɗe ina tunanin wannan wurin. Kakashi ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ya kwance igiya, ya tafi aikinsa. Iruka bai iya magana kamar Kakashi ba, kuka ma yake yi, amma kullum yana nan.

Mu ma an yi wa taubashina nasiha. Gwaggo ta yi, limamin unguwa ya yi, ni ma na yi tawa ya ce in rufe masa baki. Wanda ya riƙe shi wani dattijo ne mai gyaran babur a bakin layinmu, mutumin wajen Sabuwa, wanda shi ma gudu ya kawo shi, an kashe masa ɗa. Bai taɓa ce masa komai a kan ramuwa ba. Wata safiya dai ya gan shi zaune a dakali, ya ce, "Kai yaro, taso riƙe mani nan." Ya riƙe. Gobe ma haka. Tun safe har magariba yana rumfar, a can yake cin abinci, a can yake sallah, ya dawo gida hannu duk baƙin mai ya faɗi ya yi barci. Ina wurin ranar da ya tambayi dattijon, "Baba, wai kai ba ka jin komi a ranka?" Tsohon bai ko ɗago kai daga injin ba. Ya ce, "Ina ji mana. Miƙo mani sha biyu." Ya miƙa masa sifanar. Kuɗin bindigar nan da su ya sayi kayan aikinsa na farko. Yau yana da rumfarsa, da yara biyu a ƙarƙashinsa. Kar wani ya ɗauka ya yafe. Bai yafe ba, ya gaya mani da bakinsa.

Bari in ɗan ratse, don akwai inda nake ganin shirin ya yi mana wayo. Shikamaru ma ya yi ramuwa. Hidan ya kashe malaminsa Asuma, shi kuma ya zauna ya tsara dabara, ya ja Hidan cikin dajin danginsu ya binne shi a rami. Duk muka yi tafi, ni ma na yi. Me ya sa ta Shikamaru ta yi daɗi, ta Sasuke ta zama bala'i? Saboda marubucin bai ba Hidan kowa ba. Ba a nuna mana uwarsa ba, ba ƙane, ba wanda zai yi kukansa balle ya ɗauki makami. An gina shi ne don a kashe shi hankali kwance. Idan kana nazarin tauraro ka ga an yanke masa dangi da tarihi haka, ka san marubuci na share wa wani hanya ne. A ƙasarmu kuwa ban san Hidan ko ɗaya ba. Duk wanda aka kashe, a gari ko a ruga, yana da ƙane.

Wannan ya kawo ni kan Nagato, wanda aka fi sani da Pain, kuma shi ne dalilin da ya sa na karɓi aikin rubutun nan. Nagato ɗan Ame ne, ƙaramin gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa, wanda ke tsakanin manyan ƙasashe uku, sai ya zama nan ne filin yaƙinsu. Mayaƙan Konoha biyu suka shiga gidansu neman abinci, suka kashe iyayensa bisa zaton abokan gaba ne. Ka lura, mutanen Konoha, garin da muke goyon baya tun kashi na 1. Ya yi yawon bara, ya haɗu da marayu biyu, Yahiko da Konan. Jiraiya, wanda daga baya ya zama malamin Naruto, ya zauna da su shekara uku yana koya masu kare kai, sannan ya koma gida. Suka kafa ƙungiyar Akatsuki da nufin kawo zaman lafiya. Shugaban garinsu, Hanzo, ya haɗa baki da Danzo, aka kira su zaman sulhu aka yi masu tarko, Yahiko ya mutu a kan wuƙar da ke hannun Nagato. Daga nan Nagato ya yanke cewa duniya ba za ta san zaman lafiya ba sai kowa ya ɗanɗani irin abin da ya ɗanɗana. Ya kashe Jiraiya. Ya mayar da Konoha fili. Mai son dubawa ya nemi Shippuden daga kashi na 152 zuwa 175.

A firamare bencinmu ɗaya da wani yaro Bafulatani. Zan sakaya sunansa. Rugarsu ba nisa da gari, mahaifiyarsa ke kawo wa Inna nono da man shanu, da rani kuma wurin mahaifinsa Baba ke kai bijimanmu biyu amana. Shi ya koya mani harbi da gwafa, ni nake yi masa lissafi. Su aka fara yi wa ɓarna, tun kafin mu: ɓarayin daji suka kore garkensu a dare ɗaya. Bayan wani hari da aka kai kusa da mu, ranar kasuwa wasu matasa suka kama mahaifinsa, suka ce shi ke kai rahoto. Bai koma gida ba.

Bayan 'yan makonni na ga yaron a bakin tasha. Ya rame. Ya ɗago hannu, ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi. Akwai mutane a wurin, kuma a lokacin in aka ga kana gaisawa da Bafulatani sai a fara kallonka a matsayin infoma. Na kawar da kai, na yi kamar ina neman wani abu a aljihu, na wuce. Shekarata 15. Ba a yi wata ba rugar ta watse. Daga baya wani da aka sako bayan an biya fansa ya ce ya gan shi a daji, rataye da bindiga.

A nan dole in ja layi, don kar wani ya karanta ni a karkace. Fahimtar tauraro daban, wanke shi daban. Nagato ya kashe malamin da ya ciyar da shi, ya rusa gari da jarirai a ciki, ba wani tarihin maraici da zai goge wannan. Wanda ya harbi manomi yana maimai azzalumi ne ko me aka yi wa ubansa. Kuma ba duk wanda ke cikin Akatsuki ne Nagato ba. Akwai Kakuzu, wanda ba abin da ya dame shi sai kuɗi, gawa ma sayar da ita yake. Dajinmu cike yake da irin Kakuzu, har da waɗanda ba sa kwana a daji: masu kai mai, masu kai burodi da ƙwaya, masu nuna gidan da aka sayar da hatsi, kuma da yawansu da Hausa aka yi masu huɗuba. Wanda ya ce duk abin ramuwa ce ya yi ƙarya, wanda ya ce duk kuɗi ne shi ma bai faɗi duka ba. Abin da nake cewa kawai, yaron da na sani ba Kakuzu ba ne a ranar da ya ɗago mani hannu.

In an tambayi 'yan hostal wane ne kai a shirin, kowa Naruto ne, ko Itachi, masu ji da kansu su ce Madara. Ban taɓa jin wanda ya ce shi mutumin gari ba ne. Alhali a nazari, bayan babban tauraro da ƙananan taurari, akwai taron da ba a ba suna ba, kuma a wannan labarin su ne suka fi kowa aiki. Koma kashi na 1, ranar da aka yaye ɗalibai Naruto ya faɗi. Yana zaune shi kaɗai a kan lilo, can gefe mata biyu suna kallonsa suna raɗa. Ba su zage shi ba, ba su jefe shi ba. Hokage na uku ya kafa doka kar wanda ya yi zancen dabbar, kuma an bi dokar, amma yara suka ɗauki ƙiyayyar daga yadda iyayensu ke kallonsa. Waɗannan mutanen dai su ne suka ɗaga shi sama suna murna a kashi na 175, bayan ya cece su. Na kalli wurin ya fi sau biyar, ban ga wanda ya tsaya ya ce masa ka yafe mana ba.

Daren da muka kai labarin Nagato a Funtuwa, taubashina yana ganin kansa a Sasuke, ɗan gwaggo yana jiran faɗa, ni kuwa tashar nan nake gani. Ban kashe uban kowa ba, ban kama kowa ba. Mata biyun nan ma ba su kashe kowa ba. Ba na cewa gaisuwata ce za ta hana shi shiga daji. Yaro ɗan shekara 15 ba Iruka ba ne, tsoron da na ji kuma na gaske ne. Amma in zan yi wa kaina nazarin da nake yi wa taurari, a tambaya ta uku, wa ke tsaye kusa da shi a lokacin, amsar ita ce ni, taku biyar tsakaninmu, hannuna a aljihu.

Ba sai an je Faskari ake samun irin wannan ba. A makarantar nan akwai ɗan ajinmu Bafulatani da wasu ke kira da "kidinafa" wai wasa, shi ma yana dariya, don in bai yi ba a ce ba ya ɗaukar raha. Akwai waɗanda ba sa tafiya gida hutu, su ce wai suna son yin karatu ne, mu da muka fito yanki ɗaya mun san ba gidan da za a koma. Akwai wata 'yar ajinmu da ta ɓace zango guda, ta dawo ba ta magana, mutane suna nuna ta da baki. Ba wanda ya kafa mana doka, amma shirun iri ɗaya ne da na Konoha.

Saura ƙarshen labarin Nagato, wanda nake da ja a kansa. Da Pain ya danne Naruto a ƙasa, ya tambaye shi yadda zai yi da wannan ƙiyayya da ke zagayawa, Naruto bai da amsa. Wannan wurin gaskiya ne, kuma na girmama marubucin da ya bar tauraronsa ya yi shiru. Daga baya Naruto ya je har inda Nagato yake ɓoye, jikinsa na rawa, ya ce ba zai iya yafe masa ba, yana ma jin ya kashe shi, amma zai ji labarinsa tukuna. Ya ji, bai kashe shi ba. Har nan ina tare da su. Sai kuma Nagato ya yi wani siddabaru ya ta da duk waɗanda ya kashe a harin Konoha, ya biya da ransa. Kakashi ya tashi, Shizune ta tashi, gari ya yi murna. Ta fuskar aƙida dai mun san almara ce, rayarwa ta Allah ce shi kaɗai. Amma ko ta fuskar zubin labari, wannan sauƙi ne marubuci ya nema wa kansa: ya biya Naruto ladan haƙurinsa nan take, a hannu. Jiraiya kaɗai aka bari a mace, shi ne kawai abin da ya rage mai nauyi.

Mu ba a biya mu haka. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan daji a 2019, bai yi ƙarko ba, abin da ya biyo baya kuwa na riga na faɗa. A 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa. A 2025 aka sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, mutanen gari a gefe guda, mutanen daji a gefe guda da bindigoginsu a kafaɗa. Wanda ya zauna a irin wannan taron yana yin abin da Naruto ya yi ne, ba tare da an ta da masa kowa ba. Matar Kawu ta ce in dai za a bar yara su yi noma, a yi. Taubashina ya ce shi kar a ƙara kawo masa zancen. Na kasa cewa ɗayansu ya yi kuskure.

Bidiyon taron Faskari ya yi ta yawo a Facebook. A ɗakin karatu aka turo mani shi, ana saura kwana biyu jarrabawa. Ban saurari jawabin kowa ba. Na riƙa tsayar da shi kamar yadda muke tsayar da fassara a Funtuwa, ina buɗe hoton da yatsa, ina bin fuskokin samarin da ke tsaye a baya ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun naɗe fuska da rawani. Akwai wani mai tsayinsa a gefen hagu, kusa da wani babur, amma bai juyo ba har bidiyon ya ƙare.